Layar da Hajiya Ɗaso Ta Ɓamɓaro a Ingila

Tun da Hajiya Ɗaso ta dawo daga Ingila, babu gidan suna ko na biki a unguwar Mansur ta Makka da ba ta ba da labarin layar nan ba. Tun ana roƙonta ta faɗa, har ta kai ba ta jiran a roƙa. Da an ajiye gahawa da dabino sai ta gyara zama, ta naɗe hannun abaya, ta ce, "Ai ni da ban je ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Ɗanta Abdulrazak ne ya kai ta ganin jikarta Khalida, wadda gwamnati ta tura karatun haɗa magunguna a wata jami'a can arewacin ƙasar. Khalida na zaune a wani sashe mai ɗaki biyu cikin gidan ɗalibai, ita da wata yarinya mai suna Rifka, wadda Hajiya ta mayar Rifkatu tun a gaisuwar farko. Yarinyar ta kwanta mata a rai. Ba ta cin alade, tana gaishe ta da ɗan Larabcinta na tsintuwa, kuma ranar da sanyin ƙasar ya kama wa Hajiya gwiwa, ita ta durƙusa ta shafa mata man zafi. Hajiya ta yanke a ranta cewa 'yar Sham ce, ba ta ga dalilin tambaya ba.

Ranar komawa gida, yaran sun tafi aji, Abdulrazak ya sauka neman mota. Hajiya na tsaye a bakin ƙofar sashen tana kokawa da takalmi, sai idonta ya faɗa kan wani ɗan abu mai tsawon yatsa, an kafe shi da ƙusa a katakon gefen ƙofa. A karkace yake, da wani baƙon rubutu a jikinsa. Abu a karkace, a ƙofar 'yan mata biyu, a ƙasar da ba su da kowa! Matar da ta ga an tono ƙahon rago a gindin ƙofar maƙwabta tun tana yarinya ba za a koya mata wannan karatun ba. Nan take ta tuna Khalida na yawan kukan ciwon kai, ita kuma Rifkatu ta rame, ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai ta zabura. Ta koma kicin ta ɗauko cokali, ta karanta Falaƙi da Nasi, ta sa gindin cokalin ta ɓamɓare abin. Ta naɗe shi cikin safa ta jefa a jaka.

Ba ta faɗa wa yaran ba, don kada ta tsorata su. Ba ta faɗa wa ɗanta ba, don shi ko zare ya gani a wuyan jariri sai ya buɗe wa'azin shirka har abinci ya huce. Amma matan Mansur kam sun sha labari. A bakin Hajiya abin ya yi ta girma, har ya fara zafi a hannu, har jirgi ya yi ta girgiza a sama saboda shi.

Ana cikin haka Khalida ta dawo hutu. An yi mata tuwo da miyar kuka, ga shinkafar bukhari da kaza, an baza leda a ƙasa kowa ya zauna. Yarinya ta yi ta juya loma ɗaya a cikin miya. Ubanta ya tambaya, ta ce gajiya ce. Ya sake tambaya, sai hawaye.

"Sun dakatar da ni, ya Abuya," ta ce. "Gobe bayan la'asar za su zauna a kaina ta kwamfuta. Idan suka ce ni ce, halas, sun kore ni, ofishin tallafin karatu ma ya yanke."

Hausar Khalida gajeriya ce, in ranta ya ɓaci sai ta zame zuwa Larabci, amma kowa a gidan ya gane. Ta ce tun da yaƙi ya ɓarke aka sa Rifka a gaba a makarantar. Ana cusa mata takardun zagi a jaka, ana kiran ta da sunaye a hanyar laburare, wata rana har tofa mata yawu aka yi a riga. Ta kai ƙara ba sau ɗaya ba, Khalida ce ma ke raka ta ofishin. Kullum amsa ɗaya ce, mai taushi kamar auduga: sun yi matuƙar baƙin ciki, suna duba lamarin. Suka kafa kwamiti, suka manna fosta a bango, ba a taɓa kama ko mutum ɗaya ba. Sai ga shi an cire abin ƙofar Rifka, a cikin ginin da ba mai shiga sai mai makulli. Jaridar ɗalibai ta buga, iyaye suka yi ta waya, jami'a ta waiga neman suna, sai ga Khalida, Balarabiya 'yar Makka, a ɗaki na gaba. Rifka ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta, ba ta ɗaga waya.

"To me ya haɗa ta da yaƙi?" Hajiya ta tambaya. "Soja ce?"

"Bayahudiya ce, ya Sitti."

Hajiya ta ajiye lomar da ta ɗauko. Shekara da shekaru tana jifan masu tsadar tumatir da wannan kalma, ba ta taɓa zaton za ta ga mai ita da ido ba.

"Rifkatu? Wadda ta shafa mini gwiwa?"

"Ita."

"To ai tana da kunya!"

Abdulrazak ya riga ya tsuke fuska, yana tambayar wane irin abu ne aka cire. Khalida ta ce mazuza suke ce masa. Ɗan bututu ne na azurfa, a ciki akwai ayoyin Attaura, suna kafawa a ƙofa kamar yadda ake rataya Ayatul Kursiyyu a falo. Ta nuna tsawonsa da yatsa, ta karkata yatsan.

Maha, uwar Khalida, ta ji labarin layar Ingila a gidajen biki har ta haddace shi. Ta juyo a hankali ta dubi surukarta. Hajiya kuwa ta dage tana kallon fanka kamar yau aka kafa ta.

"Hajiya," in ji Maha, murya ƙasa-ƙasa. "Cokali?"

Khalida ta dubi uwarta, ta dubi kakarta, ta ga yadda tsohuwa ke jan mayafi tana rufe baki. Sai wani abu ya kufce mata daga ƙirji, ba kuka ba ne, dariya ce. Ta yi ta yi har ta kwanta a gefen ledar, tana dukan ƙasa, tana "Ya Sitti! Ya Sitti, haram alaiki!" Maha ta kama, ƙannen Khalida suka kama ba tare da sun san dalili ba. Abdulrazak ya miƙe tsaye zai fara wa'azi, ya ɗaga yatsa, ya ce "Ummi," sai muryarsa ta karye, ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa.

"Ku yi ta yi," Hajiya ta ce da fushi. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ciwon kanta bai tafi ba?"

"Gilashi na canza, ya Sitti!"

Da aka samu numfashi sai aka zo kan babbar tambaya, ina abin yake. Nan Hajiya ta sake komawa kallon fanka. Ta ce ai ba a kwana da irin wannan a gida. Tun satin da ta dawo ta ba Muttaka mai tsire ya jefa a wutarsa.

Dariyar Khalida ta ɗauke kamar an kashe famfo. Ba abin a hannu, wa zai yarda da labarin kaka da cokali? Kafin ubanta ya nemo makullin mota ta riga ta zura abaya, ta ja hannun Hajiya suka fita a ƙafa. Rana na dukan kwalta, motoci na ta hon, mata masu kuka da daddawa na ƙarƙashin lema suna kiran Hajiya ta zo ta ƙarasa musu labarin jirgi. Ita kuwa matar da ke cewa gwiwa ba ta barin ta hawa bene, ranar har gaban jikarta take shiga.

Muttaka mutumin Maraɗi ne, ya zo aikin Hajji da daɗewa ya ga wuri ya zauna, takarda kuwa sai ta Allah. Suka same shi yana barbaɗa ƙuli a kan nama. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya shiga gyaran garwashi da bai buƙaci gyara ba.

"Ka ƙona?" Khalida ta tambaya.

"To, Hajiya ta ce in ƙona," ya ce. "Ni kuma na duba na ga azurfa ce, ga rubutu. Hannuna ya ƙi."

Ya kai su bayan firij. Ga abin nan a kafe jikin katako, ya sha gogewa da toka da lemun tsami yana ta ƙyalli, har karkacewar an mayar masa yadda Hajiya ta kwatanta. Khalida ta yi ƙara ta rungume kakarta a tsakiyar rumfa. Amma Muttaka ya tare da jikinsa. Ya ce a yi masa rai, tun da ya kafa shi 'yan baladiyya masu kamen rumfuna ba su ko leƙo layin ba.

"Kai, tafi can!" in ji Hajiya. "Ni na ce sammu ne, kai ka ce tsari ne, duk mun yi asarar hankali. Na Yahudu ne, Attaura ce a ciki."

Muttaka ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi. Sai kuma ya tsaya.

"Attaura ta Annabi Musa?"

"Akwai wata ne?"

"La ilaha illallahu. Da na jefa a wutar tsire!" Ya wanke hannu, ya zare ƙusoshin a hankali, ya naɗe abin cikin takarda mai tsabta ya miƙa da hannu biyu. Duk da haka ƙamshin yaji da hayaƙi ya riga ya kama shi. Ya ƙara musu da tsinke huɗu, wai na hanya.

Washegari gidan ya tashi kamar ana ɗaurin aure. Hajiya ta ce ba za ta tsaya gaban alƙalan Turawa kamar marar gata ba. Ta sa leshinta na Sallah, ta zuba awarwaro, ta sa aka turara falo da bakhur, ko da Khalida ta rantse mata ƙamshi ba ya bin waya. Aka ɗora kwamfuta a kan matashi biyu. Labari ya riga ya zaga Mansur, matan da suka sha jin yadda jirgi ya girgiza suka cika tsakar gida, suna leƙe ta labule, suna ƙunshe dariya. Hajiya ta san sunanta ya gama zubewa a unguwa, daga yau ita ce Hajiya Mai Cokali har kabari. Abin ya yi mata ciwo, amma ta dubi jikarta da ke ta murza yatsu, ta ce a ranta, su kira ta duk abin da suka ga dama.

Fuskoki uku suka bayyana, kowa a cikin akwatinsa. Shugabansu wani mai furfura ne, muƙaminsa ya yi tsawon da Hausar Khalida ta ƙare kafin ta kai ƙarshensa, sai Hajiya ta ce a bar shi a Alƙali. Ya buɗe da cewa sun yi matuƙar baƙin ciki. A akwati na huɗu, can ƙasa, ga Rifka. Ta ƙara ramewa, kuma ta ƙi duban inda Khalida take.

Khalida ta nemi izini ta gabatar da shaida. Hajiya ta matso har hancinta ya cika allon, aka ja ta baya. Ta yi sallama, ta tambayi Alƙali iyali, sannan ta shiga labari, Khalida na juyawa da Turanci. Da yake bakin ya saba, sai ga shi tana bayarwa yadda take bayarwa a gidan biki, da takalmi, da Falaƙi da Nasi, har ta ɗauki cokalin shayi ta nuna yadda ake sa gindinsa a murɗa. Da ta zo kan girgizar jirgi Khalida ta taka mata ƙafa. Daga nan ta warware takardar Muttaka, ta ɗaga abin sama.

Rifka ta kai hannu baki. Kafaɗunta suka fara motsi, Hajiya ta zaci kuka ne, sai ga dariya ta fashe ta cikin kwamfuta, irin wadda ba a iya tsayarwa. Khalida ta kama. Wata mata cikin alƙalan ta kashe muryarta ta sunkuya, ana ganin gashin kanta na rawa. A bayan labule matan Mansur suka sake baki gaba ɗaya. 'Yan matan biyu suka yi ta ƙoƙarin magana suna kasawa, wannan ta ce "safa", waccan ta ce "tsire", su sake faɗuwa. Hajiya ta zauna a tsakiya da awarwaronta, tana harararsu, daɗi kuma ya cika mata ciki har wuya.

Da Rifka ta share ido sai ta yi magana a hankali, Khalida na faɗa wa kakarta. Rifka ta ce abin na tata kakar ne, da shi tsohuwar ta fito daga Bagadaza a cikin ɗan ƙunshin kaya. Ta ce duk ranar da aka zage ta a waje, in ta dawo ta taɓa shi da yatsa kafin ta shiga, sai ta ji ta iso inda ba mai taɓa ta. Ranar da ta dawo ta tarar da ramin ƙusa biyu, ta ce shi ke nan, sun shigo har ciki.

"Ki ce mata ta yafe mini," Hajiya ta ce, murya ta sauya. "Ki ce na ga ta rame ne, na zaci wannan ne ke cin ta."

Ba a kai ga juya wannan ba Alƙali ya yi gyaran murya. Fuskarsa ta washe, kai ka ce shi aka yi wa bushara. Ya ce wannan labari ne mai daɗi ƙwarai. Ya ce a fili yake rashin fahimtar al'ada ne, babu ƙiyayya a ciki, an ɗage dakatarwar Khalida daga yau, za ta koma aji ba tare da tabo ba. Abdulrazak, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana jin Turanci, ya juya ya ɗaga wa tsakar gida hannu biyu. Maha ta rangaɗa guɗa, matan suka amsa, gidan ya ɗauka.

Cikin wannan hayaniya Alƙali ya ci gaba da magana, Hajiya na ganin bakinsa na motsi. Ta ga Rifka ta daina murmushi ta yi tambaya. Ya amsa, yana tattara takardunsa. Ta sake tambaya, ya sake amsawa da tattausar murya, ya dubi agogo. Sai akwatin Rifka ya yi baƙi. Sauran ukun suka ɗaga hannu suna murmushi, su ma suka ɓace.

"Me ya ce?" Hajiya ta kama hannun jikarta. "Ke, me ya ce mata?"

Khalida ba ta juyo ba. Ta ce dama duk ƙararrakin Rifka an haɗa su wuri ɗaya da wannan, don a sauƙaƙa aiki. Tunda wannan ta warware, sun rufe duka. Gobe za su sanar wa makaranta cewa an bincika, abin da ya tayar da hankalin mutane kuskure ne na wata dattijuwa mai kyakkyawar niyya.

"Da takardun zagin? Da yawun?"

"Duka, ya Sitti."

"To ni na tofa mata yawu?"

A tsakar gida an fara raba abin sha, sobiya mai sanyi, wata na kiran a fito da Hajiya Mai Cokali a yi mata barka. Hajiya ta dubi ɗan abin azurfar da ke tafin hannunta. Faɗuwa ce ta zo wa mutanen nan daidai da zama, kuma ita ta shimfiɗa musu tabarmar. Jikarta ta tsira, wannan kam ta gode wa Allah. Amma kunya ta rufe ta irin wadda ba ta ji ba ko lokacin da ake yi mata dariya, don yarinyar da ta durƙusa ta shafa mata gwiwa za ta koma cikin masu zaginta, kuma yanzu in ta yi kuka za a ce mata ai an bincika.

"Kira ta," ta ce.

Khalida ta ɗauki waya ta kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Maha ta leƙo da kofi biyu a faranti, fuska cike da fara'a, ta ce baƙi na jira. Hajiya ba ta ko dube ta ba.

"Sake kira," ta ce.